Baba Tsaya-Tukuna, Malamin Da Ya Karɓi Tambayata

Ranar Alhamis, tara ga watan Maris, da hantsi, ina ofis ina shirya wa'azin Lahadi sai wayar Mama ta shigo. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Fasto, Babanka ya tafi gida." Na tambaye ta yaushe, ta ce yanzun nan. Baba, ta ce kana zaune a kujerarka ta baranda, ka sha shayi, ka ce ta ɗauko maka matashin kai ka tokare bayanka. Kafin ta fito da shi, Ubangiji ya karɓi abinsa. Ka haura shekara tamanin, ka tafi ba ka wahalar da kowa ba. Na ajiye wayar na dubi wa'azin da nake rubutawa, na ga babu layi ɗaya a cikinsa da ba hannunka.

Baba, ba kai ka haife ni ba, Mama matarka ma ba ita ta haife ni ba. Malamina ne kai a kwalejin horar da fastoci, inda kake koyar da mantiƙi, wato ilimin auna magana, yadda za a gane hujjar da ta tsaya da ƙafarta da wadda aka jingina da bango. Mutane da yawa sun yi mamakin abin da ya kai wannan darasi makarantar fastoci. Kai kuwa cewa kake yi, duk wanda zai tsaya gaban jama'a kowace Lahadi yana cewa "saboda haka", ya kamata a koya masa nauyin kalmar kafin a bar shi ya hau mumbari.

Ajinka shi ne na can ƙarshe, mai tagar da ba ta rufuwa da allon da ya tsage a kusurwa. Da tafin hannu kake share allo, sai ka manta ka shafa goshi, mu yi ta kallon malami mai farin goshi muna danne dariya. Da zarar ɗalibi ya yi saurin yanke hukunci, sai ka ɗaga ɗan yatsa ka ce, "Tsaya tukuna." Ba a jima ba sunan ya bi ka. Har masu gadi Baba Tsaya-tukuna suke kiranka, kuma da labari ya iso gare ka ba ka ji haushi ba, ka ce ai an yi maka adalci, akwai malaman da sunansu a bakin ɗalibai ba ya faɗuwa a gaban mata.

A shekarata ta ƙarshe abin ya faru. Ka koya mana wata ƙa'ida mai sauƙi: in wannan shi ne wancan, wancan kuma shi ne na can, to wannan shi ne na can. Ka ƙara da cewa in sunaye biyu abu ɗaya suke nufi, duk abin da ya tabbata a kan ɗaya ya tabbata a kan ɗayan. Ka ba mu misali da direban kwaleji: tunda shi ne mijin matar da ke dafa mana abinci, ba zai yiwu direban ya yi tafiya mijin yana gida ba. Muka yi dariya, muka rubuta.

Ba da daɗewa ba shugaban kwalejin, wanda shi da kansa yake koya mana tushen bangaskiya, ya iso kan koyarwar Triniti, Allah Uku Cikin Ɗaya. Allah ɗaya ne. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne. Amma Uba ba Ɗa ba ne, Ɗa kuma ba Ruhu ba ne. Tun ina yaro nake furta wannan a sujada, amma ranar nan sai na ji shi da sabon kunne. Na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, in Uba shi ne Allah, Allah kuma shi ne Ɗa, ai Uba shi ne Ɗa ke nan. In kuwa ba haka ba, alloli uku muke da su. Wanne za mu ɗauka?" Ya ce asiri ne, da bangaskiya ake karɓarsa. Na ce, "In haka ne, ban san abin da bakina yake faɗa ran Lahadi ba, ban kuma san yadda zan koya wa wani ba." Ba da reni na faɗa ba. Ji na yi ƙasa tana zamewa a ƙarƙashina. Kafin mako ya zagayo aka kira ni gaban kwamitin dattawa, a kan zargin na musunta bangaskiya.

Saura 'yan watanni a naɗa mu fastoci. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, mahaifiyata ita kaɗai ta raine ni. Ta riga ta ɗinka kayan da za ta sa ranar naɗi, ta gaya wa duk unguwa.

Ina tuna ɗakin taron: dogon tebur, labule mai kauri, fanka tana kuka a sama. A lokacin kai ne mataimakin shugaba, kana zaune a hannun damansa. Suka yi min tambayoyi, na amsa yadda na iya. Wani dattijo ya ce maganar ba ta da tsawo, a sallame ni kafin in ɓata sauran ɗalibai. Aka fara gyaɗa kai. Sai na ga ɗan yatsanka ya ɗagu.

Ka ce, "Iyayena, ku tsaya tukuna. Kayan da ya haɗa tambayar nan da su, a ajina ya same su, kuma ya haɗa ta daidai. Da jarrabawa ce, da na ba shi cikakken maki. Sannan tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai. Tawa ce. Ina ɗauke da ita tun kafin a haife shi."

Dattijon ya ce, "Malam, kana nufin kai ma ba ka gaskata ba?"

Ka ce, "Na gaskata, a kai kuma zan mutu. Amma ban gama fahimta ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya gama ba. In muka kori mai tambaya, tambayar ba za ta bi shi ta fita ba. Za ta zauna a cikin waɗanda suka koyi yin shiru, su tafi da ita ikkilisiyoyi, ranar da wani ya tare su da ita a bakin titi su rasa abin cewa. In za ku sallame shi, ku fara da ni."

Ba su kore ni ba. An ɗage naɗina har sai abin da hali ya yi. Kai abin ya fi shafa. Aka sauke ka daga muƙaminka, aka cire darasinka daga manhaja, aka mayar da kai kula da ɗakin karatu, aka ce ka saki gidan kwaleji tunda na mai muƙamin ne. Na zo gidanka da hawaye, na tarar kana ɗaure littattafai a kwali. Ko ɗagowa ba ka yi ba, ka ce, "Riƙe min bakin igiyar nan." Sai da muka gama ɗauri ka dube ni ka ce, "Kada in ji ka zagi shugaba. Ya taɓa ganin ikkilisiya ta rabu biyu a kan magana ɗaya, har 'yan'uwan ciki suka daina gaisawa. Tsoro yake ji, kuma abin da yake tsoro ba ƙarya ba ne. A kan magani muka bambanta."

Kafin ka tare a sabon gida, ka hau mota ka je wurin mahaifiyata don kada ta ji a bakin duniya. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ka zauna ka yi mata bayani ba ɓoye-ɓoye. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita wannan lissafi ya fi ƙarfinta, tambayarta ɗaya ce: "Yana addu'a?" Da wani ne, da ya kwantar mata da hankali da abin da take so ta ji. Kai ka ce mata, "A yanzu dai abin yana yi masa wuya. Ni da ke za mu riƙa yi masa kafin bakinsa ya buɗe. Kayan nan da kika ɗinka ki ajiye su, kada ki bayar."

Gidan da kuka koma ƙarami ne, a cikin gari, ɗaki biyu da falo da baranda mai kallon titi. 'Ya'yanku mata suna makarantar kwana a lokacin. Ka ce in ɗauko akwatina. Aka shimfiɗa min katifa a ɗakin da aka jibge kwalayen littattafai, na riƙa kwana a tsakaninsu. Ranar da na iso, da aka kawo abinci, Mama ta ce in sa albarka. Na sunkuyar da kai na ce, "Mama, ban san ko zan iya ba." Ta ce, "A gidan nan mai shakka ma yana sa albarka, in ba haka ba da Babanka ya mutu da yunwa tun ina amarya. Yi maza, abinci na hucewa." Na yi a daddafe. Haka ta riƙa sa ni kullum, ba ta taɓa tambayata me nake ji a raina ba.

Kowace yamma in ka taso daga ɗakin karatu sai mu zauna a baranda. Na yi tsammanin za ka fara da ba ni amsa, ashe da ƙwace za ka fara. Na kawo maka misalan da aka koya mana tun muna yara. Na ce ruwa da ƙanƙara da tururi. Ka ce wannan abu ɗaya ne yana sauya kama, Uba kuwa ba narkewa ya yi ya zama Ɗa ba. Na ce mutum ɗaya yakan zama uba ga 'ya'yansa, ɗa ga iyayensa, miji ga matarsa. Ka ce to Ɗan da ya durƙusa ya yi addu'a ga Uba, da kansa yake magana? Na ce ƙwai, mai ɓawo da fari da gwaiduwa. Ka ce ɓawo ba ƙwai ba ne, sashensa ne, Ɗa kuwa ba sulusin Allah ba ne. Na ce, "Baba, ka raba ni da duka." Ka ce gara in tsaya hannu wofi da in miƙa wa mutanen da suka dogara da ni abin da zai karye a hannunsu.

Daga nan ka fara nuna min inda tambayata take rataye. Ka ce duk nauyinta a kan 'yar kalmar nan "ne" yake. Ka ce, "In na ce ƙanena likita ne, surukina ma likita ne, ƙanena ya zama surukina?" Na ce a'a. Ka ce, "In kuma na ce ƙanena shi ne likitan da ya yi maka aiki fa?" Na ce wannan magana ce daban. Ka ce to na gani, ta farko tana faɗin abin da mutum yake, ta biyu tana nuna wane ne wane. Ni a aji cewa na yi Uba shi ne Allah, alhali abin da muke furtawa a sujada shi ne Uba Allah ne. Na miƙe tsaye don murna, na ce an gama. Sai ka ce in zauna. "Ƙanena da surukina, likita nawa ke nan?" Na ce biyu. Ka ce, "To ka ga ramin da ke kan wannan hanya. In ba ka yi hankali ba, sai ka wayi gari da alloli uku."

Wata rana kuma ka ce kalmar "ɗaya" ma tana bukatar a tsaya a kanta. Ka kira Mama ka ce ta ara mana zoben aurenta. Ta ce zoben nan ya daina fita tun haihuwarta ta biyu, mai son sa sai dai ya ɗauke ta duka. Ta zauna ta miƙa hannu. Ka ce min, "Abu nawa ne a yatsan nan?" Na ce ɗaya. "Azurfa ce ko zobe?" Na ce duka biyun. Ka ce, "Azurfar ta girmi zoben, tana nan tun kafin maƙeri ya taɓa ta. In aka narkar, zobe ya tafi, azurfa tana nan. Abin da ya tabbata a kanta bai tabbata a kansa ba, don haka ba za ka ce ita ce shi ba. Duk da haka ka ƙirga ɗaya, kuma ba ka yi kuskure ba." Na daɗe ina kallon zoben, har Mama ta ce in an gama da hannunta tana da tukunya a wuta. Kafin in yi wata murnar ka ja min kunne: Allah ba azurfa ba ne, ba a ƙera shi daga wani abu ba. Misalin bai bayyana Allah ba. Abin da ya nuna kawai shi ne, ƙirga ɗaya da cewa "shi ne" ba dole su zama magana guda ba.

Da na gaji na ce, "To Baba, wacce ce amsar?" Ka ce ba ka sani ba, kuma kowace hanya da masana suka bi tana da raminta. Sannan ka faɗa min maganar da har yau nake faɗa wa nawa ɗaliban: akwai abin da ya saɓa wa hankali, akwai abin da ya fi ƙarfin hankali. Na farko ba mai iya gaskata shi ko da ya rantse. Aikin mantiƙi shi ne ya nuna min ba dole ba ne in sa wannan koyarwa a sahun farko. Iyakarsa ke nan. Ba zai sa in ƙaunaci Allah ba.

Maƙwabcinka na jikin katanga malamin Larabci ne a wata sakandare, Musulmi mai zurfin karatu, shi ma ya karanta mantiƙi a wurin malamansa. Yana jin mu ta kan katanga har wata rana ya kasa haƙuri ya zagayo da kujerarsa. Ya ce maka, "Malam, zobenka ya burge ni, amma ni in na ce ɗaya, ɗayan da ba ya bukatar zobe nake nufi." Kuka yi ta kafsawa har lokacin salla ya yi ya tashi, washegari ya dawo da sabuwar hujja. Ka kafa min doka a kansa: ba zan amsa masa ba sai na maimaita hujjarsa a gabansa har ya ce e, haka yake nufi. Ka ce wanda bai iya faɗin maganar abokin musunsa daidai ba, da kansa yake musu. Bai taɓa karɓar naka ba, ba ka taɓa karɓar nasa ba. Amma ranar da Mama ta zame ta faɗi a banɗaki kana wurin aiki, matarsa ce ta kai ta asibiti ta zauna da ita.

Duk wannan karatu ya sauke min wani nauyi daga ka, amma zuciyata tana nan a daskare. Abin da ya buɗe ta a wani wuri ya faru. Kowace Laraba kana zuwa gaida marasa lafiya a asibitin da ke ƙarshen titinmu, ka ce in riƙa raka ka ina riƙe maka jaka. Wata rana muka tarar da wani mutum a kan benci a bakin ɗakin yara. Makaniki ne, daga gareji aka kira shi, hannunsa duk baƙin mai. Ɗansa tilo ya cika ɗazu. Ba kuka yake yi ba. Ya ɗago ya dube mu ya ce, "Ku masu wa'azi, ku gaya min. Allahn nan ya san abin da ake ji in ɗan mutum ya mutu?"

Na jira ka amsa. Ka juyo ka dube ni. Sai na ji bakina yana magana kafin in shirya. Na ce masa Uban ya sani, domin ya ga nasa Ɗan yana mutuwa. Ɗan ma ya san abin da yaronka ya sha, domin shi ma ya ɗanɗana. Ruhun kuma yana nan a kan bencin nan tare da kai. Kuma ba su uku ne suke aika wa juna saƙo ba, Allah ɗaya ne, shi dai wanda kake jin haushinsa yanzu. Mutumin ya daɗe yana kallona, sannan ya damƙi rigata da hannun man nan ya fashe da kuka. Na durƙusa a gabansa na yi addu'a, ta farko a cikin watanni da ba wanda ya sa ni.

Muka kama hanyar gida har muka kusa ƙofa. Ka ce, "Da Uba shi ne Ɗa, me za ka ce masa? Da alloli uku ne, da wanne za ka haɗa shi? Abin da magabata suka ƙi saki ke nan, ko da ya sa lissafi ya yi musu wuya. Je ka jiƙa rigar nan kafin Mama ta gani."

Da shekara ta zagayo na koma gaban kwamitin. Na ce musu ban warware tambayar ba, ba na kuma tsammanin zan warware ta, amma na daina ganin ta tilasta min in ce koyarwar tana ƙaryata kanta, kuma na san wanda nake durƙusa wa. Shugaba ya yi min tambayoyi masu wuya, na gaskiya, na amsa. Ranar naɗi shi ya fara ɗora min hannu. Mahaifiyata ta sa kayanta. Kai kana can baya a bencin jama'a, domin ba ka da kujera a gaba, kana rera waƙa da muryar nan taka da ba ta taɓa bin layi ba.

Ka yi shekaru a ɗakin karatu, ban taɓa jin ka yi gunaguni ba. Ɗalibai suka gano hanya, sai ya zama wanda ya shiga aron littafi ba ya fitowa da wuri. A ƙarshe shugaban da kansa ya mayar da darasinka kafin ya yi ritaya. Ba wanda ya san abin da kuka ce wa juna. Abin da muka gani shi ne, bayan ku biyu kun bar aiki, yakan dogaro sandarsa ya zo gidanka, ku zauna ku uku da maƙwabci kuna musu, Mama tana cewa gidanta ya zama majalisar tsofaffin da ba sa jin magana.

Na daɗe ina ɗauka ni kaɗai ka yi wa irin wannan. Sai a zaman makoki na haɗu da wata malamar asibiti, da wani lauya, da fastoci 'yan'uwana, kowa yana ba da labarin lokacin da bangaskiyarsa ta girgiza ya rasa wanda zai gaya wa, ya zo wurinka. Wasu daga cikinsu a ɗakin kwalayen nan suka kwana, kowa kuma yana ganin shi ne ɗan gidan. Muka yi ta dariya muna share hawaye.

Kwanaki kaɗan kafin ka tafi na zo duba ka. Kana kwance a doguwar kujerar falo, ƙafafunka sun kumbura, numfashi yana yi maka wuya, likita ya riga ya gaya maka zuciyar ta gaji. Ka ce ni zan yi wa'azin jana'izarka. Ka ce, "Kada ka ce na gane abin da ban gane ba. Ku masu wa'azin jana'iza kuna da ƙari." Na yi maka alkawari. Sannan na tambaye ka, "Baba, kana jin tsoro?" Ka ce, "Ina ji kaɗan. Barin Mama ne ya fi damuna. Amma in gaya maka gaskiya, ɗoki ya fi yawa. Duk rayuwata maganarsa nake yi. Yanzu zan gan shi." Sai ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, da ya lafa ka ce, "In na isa aka nuna min abin mai sauƙi ne, kunya za ta kama ni."

Na cika alkawari, Baba. Na gaya wa jama'a ba ka gane duka ba, na gaya musu ba ka taɓa fasa durƙusawa ba. Bayan mun dawo daga maƙabarta, maƙwabcinka ya riƙe hannuna a ƙofar gida, gemunsa fari fat, ya ce, "Shekara da shekaru ina jira ya faɗi magana ɗaya da bai yarda da ita ba don kawai ya ci musu. Ban samu ba. Yanzu wa zan yi wa gardama?" Ya share hawaye. Da ya natsu ya shiga ya gaya wa Mama cewa muddin yana numfashi, ba za ta nemi mai tsaya mata ta rasa ba.

Allah Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, wanda ka bauta wa da zuciyarka da kuma hankalinka, ya karɓe ka cikin jinƙansa, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu a gabansa har ranar tashin matattu. Mama, Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya share miki hawaye, ya ƙara miki lafiya da tsawon rai; 'ya'yan da kika ciyar a teburin nan muna da yawa, ba za mu bar ki ke kaɗai ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙannena, 'ya'yanku mata, da mazajensu da jikoki, da tsohon shugabanmu da aka kawo a keken marasa lafiya don ya yi ban kwana da abokinsa, da maƙwabci da iyalinsa, da dukan ɗaliban da suka bi ta hannunka. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu gama namu aikin da gaskiya kamar yadda ka gama naka.

Ka huta lafiya, Baba. Muna nan tafe.